Ranar da Tsumma ta Share Samaniya

Tun tana rarrafe aka gane halinta. Sauran yara in sun ga ƙasa sai su kai baki, ita kuwa sai ta jawo gefen zanen uwarta ta goge. Da ta yi wayo ba ka ganinta sai da ɗan ƙyalle, ko a hannu, ko a kafaɗa, ko a soke a ƙugu. Ka ajiye kofin shayi ka juya ka amsa gaisuwa, kafin ka waiwayo an ɗauke shi, an wanke, an kife. Yayanta ne ya gaji wata rana ya ce, "Ke wai mutum ce ko tsumma?" Shi ke nan, suna ya bi ta. A makaranta Tsumma, a gidan miji Tsumma, har 'ya'yan yayan nata yanzu Gwaggo Tsumma suke cewa, tana amsawa ko a jikinta.

Mijinta direban motar asibiti ne, mutum mai haƙuri, kuma yana da labarin da ba ya gajiya da bayarwa. Wai a makon farko na aurensu yana zaune yana karanta jarida, ta zo ta goge masa tabarau yana sanye da shi a fuska. Ita ta ce sharri yake mata, sai da ta cire tukuna. Ni dai na san ta, kuma mijin na fi yarda da shi.

To, irin wannan hali a gida fitina ne, amma a shagon hoto arziki ne. Shagon da take aiki ɗan siriri ne, a matse tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da magani. Daga ƙofa akwai injin kwafi mai cin takarda in ya ga dama, daga ciki farin labulen da ake ɗaukar hoton fasfo, sai teburinta a lungu da kwamfuta. Mai shagon dattijo ne da ya gama gajiya da sana'ar, kullum yana bakin ƙofa da rediyonsa. Da shara ta fara a wurinsa, ya ga yadda take goge gilashin kanta har mutane suna buga goshi, ya ce wannan hannun ya fi ƙarfin tsintsiya. Ya koya mata gyaran hoto. Yau ga shi ita ce ke cire wa amarya ƙurji, ta kawar da turken wutar da ya tsiro wa mutum a tsakiyar kai, ta ɗauki wanda ya zo da singileti ta sallame shi da kwat da lakataye.

Amma abin da ta fi so shi ne sikana, na'urar nan mai murfi da fitila a ciki, wadda ke kwafe tsohon hoto ta zuba shi a kwamfuta. In aka kawo mata hoton da ya sha wuya, ya koɗe, ya yi tabo, har wani murmushi take yi. Ita a wurinta wanki ne ya samu.

Babanta tsohon bakaniken motocin bas ne, ya ajiye sifana tuntuni. Mutum ne mai labari ɗaya, amma fa labarin da daɗi. Wai lokacin yana saurayi, kafin ya auri Mama, yana haya a wani ɗaki a saman bene, kuma a can ya kiwata tattabaru. Ba na miya ba, na tashi. Da yamma in ya dawo daga gareji sai ya buɗe akurki ya tashe su, su yi sama, su yi ta kewaya unguwa har sai ya yi musu fito sannan su sauko. Yawansu kuwa, in ji shi, in sun gifta sai inuwa ta rufe titi, mata su fito da gudu suna kwashe shanya, sun zaci hadari ne.

"Kaka, rannan cewa ka yi kaji ne suka shige kwana, sun ɗauka dare ya yi," in ji jikoki.

"Duka biyun an yi."

Sai Mama ta sa baki daga kicin. "Ni dai da na zo, wari kawai na tarar da gashi biyu-uku a lungu."

Gaskiyarta ne, don an sayar da benen gab da aurensu, ya rarraba tsuntsayen ga abokai, abokan kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Ba shi da shaida ko ɗaya. Amma abin bai taɓa damunsa ba. Sai ya kishingiɗa ya ce, "Ku yi ta dariyarku. Ni na san abin da na gani."

A 'yan shekarun nan ne abubuwa suka fara zame masa. Ya ɗora buta a wuta ya manta har ta ƙone. Ya fita sayen sabulu ya dawo da batir. Wata rana ya kira jikarsa da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Likita ya duba shi ya ce tsufa ne, kada a damu, kowa ya daina damuwa sai shi. Tsumma ce kaɗai ta lura da wani abu. Duk ranar da ya yi irin wannan mantuwar, da yamma sai ya tara yara ya ba da labarin tattabaru tiryan-tiryan, tun daga farko, kamar direban da ke taka birki ya ji ko yana ci kafin ya hau hanya. In ya kai ƙarshe bai yi tuntuɓe ba sai ka ga fuskarsa ta saki, ya nemi a ba shi shayi.

Ana nan, sai ga Yaya a shago wata safiya, yana ɓoye wani abu a cikin riga. Shi kafinta ne, Mama ta sa shi gyaran tsohuwar durowar Baba, da ya zare aljihun ƙasa ya tarar da gwangwanin alewa mai tsatsa ya faɗa ta baya, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ya buɗe mata. A ciki hotunan majigi ne jere, irin na da, kowanne ɗan fim ne da bai kai akwatin ashana ba, an sa shi a firam na kwali. Ba a ganin komai sai an ɗaga shi sama an haska, kuma ko an haska ɗin mutanen ciki kamar tururuwa suke.

"Baba ne a ciki, na gane tsayuwarsa," in ji Yaya. "Kada ki gaya masa. Ki fito da su fes, ranar da muka taru a gida mu nuna masa a talabijin."

"Fes kuwa za ka gani," in ji ta. Har ta fara naɗe hannun riga.

Kai, hotunan nan sun ba ta aiki! Kwafin farko da ta yi, komai ja ya fito, mutane da motoci da bango, kamar an tsoma su a miyar tumatir. Wannan bai tayar mata da hankali ba, ta san tsohon fim haka yake, sauran launuka ne ke gudu su bar ja shi kaɗai. Ta rage jan, ta ɗago shuɗi da kore a hankali, har bas ta koma kalar bas. Sai kuma ga wani layi mai duhu ya ratsa kowane hoto daga sama har ƙasa, a wuri guda. Tunda a wuri guda yake, ta ce ba laifin fim ba ne, nata ne. Ta ɗaga murfi ta leƙa, ta sami ɗan zare a kan siririn gilashin da na'urar ke gwada haskenta. Zare a kan gilashin Tsumma! Ta waiwaya ta tabbatar ba wanda ya gani sannan ta cire shi. Wasu kuma fumfuna ta yi musu saƙa kamar yanar gizo. Waɗannan ta bi su da lallausan ƙyalle da ruwan goge fim, ta gefen mai sheƙi kawai, don ɗaya gefen mai dushi-dushi a nan hoton yake kwance, ka taɓa shi ka tafi da hancin wani.

Abin da ya rage shi ne ɗigo-ɗigo. Ta hura da 'yar robar iska, ta bi da buroshi mai laushi, wanda zai fita ya fita. Sauran sun riga sun manne, sun zama 'yan gida. A kwamfutar akwai wurin da ake kunnawa ya goge ƙura da kansa, ta kunna shi ta murɗa har ƙarshe. Wanda ya tsallake wannan kuma ta bi shi da hannu, ɗaya bayan ɗaya, tsakanin mai fasfo da mai kwafi, kwana da kwanaki.

Hotunan suka fara fitowa. Ga gareji, ga samari da wanduna masu faɗin ƙafa sun jingina da bas. Ga ɗaki da gado ɗan ƙarami da rediyo a kan taga. Sai kuma guda ɗaya da ya fi burge ta, Baba a saman bene, siriri, ga suma, ya ɗaga doguwar gora mai ƙyalle a baki, bakinsa a buɗe. Bayansa tankin ruwa ne da igiyar shanya. Ta dube shi ta yi dariya. "Ashe a wurinka na gado! Yanar gizo kake sharewa har a saman bene?"

Sai dai duk gwangwanin ba wanda ya kai wannan hoton datti. Samaniyar da ke kansa kamar an barbaɗa mata barkono. Mai goge ƙura ya kwashe rabi, ya bar rabi a dame. Tsumma ta gyara zama, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta bi su. Wasu ma har da ɗan tsawo, wasu a karkace, ta ce lallai fumfunar nan ta yi rashin mutunci. Ba ta bar ko ɗaya ba. Da ta gama, sama ta fito shuɗiya fes, har mai shagon ya rage rediyo ya zo ya tsaya a bayanta ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Ranar da ƙafa ta koma gida don daɗi, tana gaida wanda ta sani da wanda ba ta sani ba.

Ranar taro falon Baba ya cika, yara a ƙasa, manya a kujeru. Yaya ya haɗa waya da talabijin ya ce kowa ya yi shiru. Hoton gareji na fitowa Baba ya miƙe zaune.

"Kai! Ina kuka samo wannan? Ai na ɗauka ya bi kayan ƙaura!"

Falo ya kaure. Yara suna nuna wanduna suna birgima. Mama ta matso kusa da talabijin ta ƙare wa saurayin kallo ta ce, "Da na gan ka da wannan sumar ai da ban ja maka aji ba." Baba ya ce ai ko da sanƙon ma ba wani ajin kirki ta ja ba. Ya shiga faɗin sunayen abokansa, wannan ya iya waƙa, wancan ya taɓa barci a ƙarƙashin mota aka tafi aka bar shi. Ya ce maƙwabcinsa ne ya ɗauka, wani mai nuna majigi a makarantu, da ragowar fim ɗin wurin aikinsa. Tsumma tana tsaye bakin ƙofa, daɗi kamar ya kashe ta.

Sai hoton bene ya fito.

"Yauwa!" Baba ya tafa hannu. "Yau ƙarya ta ƙare! Ranar nan ce! Maƙwabcin nan ya ce mini in tashe su gaba ɗaya ya ɗauka. Ga gorar da nake kaɗa su da ita. Ku dubi sama, ku masu dariya, ku dubi..."

Kowa ya dubi sama. Shuɗi ne kawai, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Kaka, ko sun tafi hutu ne?" in ji wata jika. Aka sa dariya, har da Yaya.

Baba bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Ya tashi ya je dab da talabijin, ya duba wannan kusurwa, ya duba waccan. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo ya zauna a hankali ya ce, "To, wataƙila wata rana ce daban." Aka jira ya faɗi maganarsa ta kullum, bai faɗa ba.

Tun da ya ambaci gorar Tsumma ta tuna ɗigo-ɗigon nan da ta goge. Ta buɗe baki ta rufe. In ta ce wataƙila ita ce ta share su, gobe kuma ta duba ta tarar ƙura ce da gaske, ta kayar da tsohon sau biyu ke nan. Ta kwashi kofuna ta shige kicin. Tana wanke su ne ta ji muryarsa ta taga, ya fita tsakar gida shi da Mama.

"Na ɗauka ƙananan abubuwa ne kawai ke zube mini," yake cewa. "Buta, sabulu. Amma ranar nan ina ganinta kamar yadda nake ganinki. In har ita ma kaina ne ya ƙaga ta, to da me zan yarda kuma?"

"Haba, maigida, wasa fa muke maka."

"Hoto ai ba ya wasa."

Tsumma ta tsaya da kofi a hannu, ruwa na zuba. Tausayinsa ya kama ta, tsoro kuma ya fi tausayin yawa.

Washegari ta riga mai shagon zuwa, tana tsaye bakin ƙofa ya iso da makulli. Ta leƙa wurin mai gyaran agogo ta ari gilashin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo. Ta ɗora fim ɗin a kan fitilar sikana, ta sunkuya, ta rufe ido ɗaya. Da farko ɗigo ne dai kamar da. Ta matsa, ta ja baya, ta sake matsawa. Sai ɗigo guda ya buɗe fuka-fuki. Na kusa da shi ma haka. Na bayansa ya karkata, ga 'yar wutsiya.

"Wayyo ni! Na share wa Baba dukiyarsa!"

Mai gyaran agogo ya shigo da gudu, ya zaci wuta ce ta ja ta. Da ya ji abin da ya faru sai da ya dafa bango don dariya. "Kwana nawa kika yi kina karkashe su?" Ta ce in bai fita ba za ta goge shi shi ma. Amma ita kanta dariyar take, hawaye na zuba, don tsuntsayen suna nan a fim, ba inda suka je. A kwafi kawai ta kashe su.

Ta kashe mai goge ƙura ta sake kwafa. Suka dawo, amma a dame, ba ka bambance tsuntsu da datti. Abin mamaki gefen hoton garau yake, tankin ruwa har ana ganin tsatsarsa, tsakiya ce ta yi hazo. Ta ɗaga fim ɗin ta dube shi ta gefe, ta ga tsufa ya lanƙwasa shi, cikinsa ya turo kamar murfin tukunya, ya fita daga inda idon na'urar ke gani sosai. Ta sa reza ta tsaga firam ɗin kwalin a hankali, ta zaro fim ɗin ta gefe-gefe, ta shimfiɗa shi a maƙalin da ke danne shi ya miƙe. Ta sa na'urar ta kwafa da iyakar ƙarfinta. Abin ya yi ta gurnani yana tafiya kamar ba ya so. Masu fasfo biyu suka gaji da jira suka tafi, ko kallonsu ba ta yi ba.

Da hoton ya buɗe, sai da ta ja kujera baya. Sama a cike take. Sun yi wani babban lanƙwasa a kan benen, na gaba sun yi nisa sun zama ƙanana, na baya fuka-fukansu a buɗe rana ta ratsa su. Wallahi ko ita ce mai shanya a ranar sai ta fito da gudu.

Ba ta kira Yaya ba. Ta je gida da kanta ta tarar da Baba a zaune bakin ƙofa, shayinsa ya huce a gefe. Ta ce ya zo ya raka ta shago. Ya ce ƙafarsa na ciwo. Ta ce za su tafi a hankali. Ya ce me zai yi a can. Ta ɗauko masa takalmi ta ajiye a gabansa ta tsaya, shi kuma ya san 'yarsa, ya sa.

Ta zaunar da shi a kujerarta, ta durƙusa a gefensa. "Baba, laifina ne. Na ɗauka ƙura ce, na goge su. Ga su nan, duba."

Ya duba. Ta zuba wa fuskarsa ido tana jiran ihu. Idonsa ya yi ta yawo a kan garken, leɓensa ya motsa, sai kuma ya girgiza kai ya dafa kafaɗarta.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Amma kada ki yi mini haka."

"Me na yi, Baba?"

"Ni ban san aikinki ba? A gabana kika sa wa mai singileti kwat. Wadda ta iya wannan, tsuntsu ne zai gagare ta? Kin ga na damu jiya, kin zo kin zuba mini su."

Ta rantse. Ta kira mai shagon ya ba da shaida, Baba ya ce ai bakinsu ɗaya. Ta maƙala masa gilashin mai agogo ta ɗora fim ɗin a kan fitila. Ya sunkuya ya yi ta ƙiftawa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce shi haske kawai yake gani. Ta karɓi gilashin ta ajiye. Gwanintar da take taƙama da ita ce yau ta hana ubanta ya yarda da ita.

Rediyon mai shagon na ta surutunsa a waje. Can sai Baba ya yi gyaran murya.

"Akwai wata tattabara," ya ce. "Ban taɓa ba ku labarinta ba, don ba abin alfahari ba ce. Kyanwa ta cafke ta tana ƙarama, ta fige mata gashin tsakiyar fiffike. Wurin ya warke amma gashin bai sake tsirowa ba, sai giɓi. Ba ta iya bin sauran. Kullum tana ƙasa, tana baya, ta gefen hannuna na dama, don ita ce ke fara saukowa. In hoton nan na gaskiya ne, kuma in kaina na gaskiya ne, tana nan."

Tsumma ta kama linzamin kwamfuta. Ta ƙara girman hoton ta gefen hannun daman saurayin. Ga igiyar shanya. Ga bakin bango. Ga wani ɗigo, ta buɗe shi, ƙura ce zalla. Ta yi sama, ta yi ƙasa, ta sake bi. Babu komai.

Baba ya sauke numfashi. "Bar shi haka nan. Mu je gida." Ya dafa tebur zai tashi, idonsa na kan hoton, sai kuma ya tsaya ya ɗaure fuska. "Wannan yaron bahago ne? Ni tunda nake ban taɓa riƙe gora da hagu ba."

Ta duba. Gorar tana hannun hagu. Tankin ruwan ma, wanda jiya a talabijin yake wancan gefen, yau ya dawo wannan. Ta dafe kai. Garin sauri, da ta zaro fim ɗin daga kwali ta shimfiɗa shi a kife, komai ya juya.

"Zauna, Baba! Zauna! Ni ce na kife shi!"

"Ke dai yau..."

Ta danna wuri guda, hoton ya juya. Gora ta koma hannun dama. Ta bi ta gefen, ƙasa da garken, can baya, kusa da bakin gorar. Akwai ɗigo ɗaya shi kaɗai, wanda ya fi sauran girma don ya fi kusa. Ta ƙara shi, ta sake ƙarawa. Fuka-fuki biyu a buɗe. Ɗaya cikakke. Ɗayan kuma a tsakiyarsa ana hango shuɗin sama ta cikin giɓi.

Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya ƙura mata ido. Sannan a hankali, da wata murya da Tsumma ba ta taɓa ji ba, ya ce, "Ke ce? Har yanzu kina baya?"

Sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har da tari, yana bugun tebur, hawaye na bin gemunsa. Mai shagon ya leƙo, mai agogo ya leƙo, mai magani ma ya bar kantinsa ya zo. Baba ya nuna musu da yatsa, ya ce su duba da kyau, shi ya faɗa tun kafin a buɗe, ga 'yarsa nan shaida. Ya buga goshinsa da tafin hannu. "Nan ɗin kalau yake! Sabulu ne kawai ba ya riƙewa!" Tsumma tana durƙushe inda take, tana dariya tana kuka, wani nauyi da ta kwana da shi ya sauka daga ƙirjinta.

Da ya lafa, ya share ido ya ce, "Buga mini a takarda. Babba."

"Duka garken? Zan yi maka wanda zai cika bangon falo, yaran nan su gani su yi shiru."

"Na yaran daban, ki yi musu. Ni wannan nake so, ita kaɗai." Ya sake duban 'yar tattabarar mai giɓi. "Duk cikinsu ita na raina, ita ce kuma ta tsaya mini."

Tsumma ta tashi ta sa takarda mafi kyau da ke shagon a cikin firinta. Baba ya ja kujerarsa kusa da bakin injin, ya tara hannu biyu yana jiran ta fito.